Tsohuwar Dell E6400 mai RAM 2GB: wane Linux zan ɗora mata?

Ɗan Kalgo ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar masana. Kwamfutata Dell Latitude E6400 ce, ta hannu, furosesa Core 2 Duo P8600, RAM 2GB, faifan ajiya 160GB irin mai juyawa. Windows 7 ke kanta, Chrome ɗin ya daina sabuntawa, wasu shafuka ma ba sa buɗewa daidai. Batirinta ba ya riƙe caji, da an ɗauke wuta sai ta mutu.

Aikin da nake so ta yi mini: rubuta furojet ɗin makaranta, karanta PDF, shiga shafin makaranta, WhatsApp ta burauza, da kallon darussa a YouTube. An ce mini Linux zai farfaɗo da ita, amma sunayen sun yi yawa, Lubuntu, Linux Mint, antiX, Puppy. Data ba ta da arha, ba zan iya sauke guda huɗu in gwada ba. Wanne zan ɗauka, kuma ta ina zan fara? Allah Ya saka da alheri.

Injiniya_Jega ya amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka kyauta da ka kawo lambar furosesa, domin a kanta ake fara yanke hukunci. P8600 mai 64-bit ce, duk Core 2 Duo haka suke, saboda haka ƙofa a buɗe take gare ka. Waɗanda ke cikin matsi su ne masu Core Duo marar 2 ɗin, ko Atom N270 na ƙananan kwamfutocin nan, ko Pentium M. Su 32-bit ne, kuma Ubuntu da Mint sun daɗe da barin su, Debian 13 da ya fito a Agustan 2025 ma ba ya ba da faifan girkawa na 32-bit. Ko da Windows 7 ɗinka ya nuna 32-bit kada ya rikita ka, wanda ya ɗora ne ya zaɓi haka. Kai dai sauke mai alamar 64-bit ko amd64.

Sai gaskiyar da ba a cika faɗa ba. Tsarin aikin ba shi ne zai cinye maka RAM ba, burauza ce. antiX yakan tashi da ƙasa da 300MB, Mint Xfce (nau'in Mint mara nauyi) kuma tsakanin 600 da 800MB. Bambanci ne na gaske, amma ka buɗe WhatsApp da YouTube da shafin makaranta tare, Firefox kaɗai zai haura 1GB ko a kan wane ka ɗora shi. Da RAM ta cika sai kwamfuta ta koma ajiye rarar a faifai, faifai mai juyawa kuwa ya fi RAM nawa nesa ba kusa ba. Shi ne za ka ga fitilar faifai ta tsaya a kunne, linzami ya daskare. Mutane su ce Linux ɗin ba shi da kyau, alhali ba laifinsa ba ne.

Don haka shawarata kashi biyu ce. In za ka iya kashe ɗan kuɗi, ka kai RAM 4GB, ka sa SSD (faifan ajiya mai sauri wanda ba ya juyawa), ka ɗora Linux Mint Xfce. In ko sisi ba za ka ƙara ba, ka ɗora antiX.

RAM ɗin da take ɗauka DDR2 ce ta laftof, a jikinta za ka ga PC2-6400S, ƙafafu 200. DDR3 ba ta shiga ramin, tsagar ba wuri ɗaya take ba, kada a sayar maka. Ramuka biyu ne. Buɗe ka gani ko 2GB ɗin sanda ɗaya ce ko 1GB biyu. In ɗaya ce, guda kawai za ka ƙara. Sandar DDR2 mai 4GB akwai ta, amma tana wuyar samu kuma tsadarta ba ta dace da shekarun na'urar ba. SSD kuwa kowane SATA mai inci 2.5, 120GB ko 128GB, ya ishe ka.

Me ya sa Mint ba Lubuntu ba? Lubuntu ya ɗan fi shi sauƙin nauyi, amma Firefox ɗinsa a ƙunshin snap (salon ƙunshe manhaja na Ubuntu) yake zuwa, kuma wannan yana jan ƙafa wajen buɗewar farko, musamman a faifai mai juyawa. Mint yana ba da Firefox na al'ada, yana da Driver Manager mai ɗora direbobin na'ura, kuma jerin Mint 22 zai ci gaba da samun gyaran tsaro har 2029, Lubuntu 24.04 kuwa a 2027 nasa zai ƙare. Puppy ka bar shi a filashi don ceto fayiloli ranar da wata kwamfuta ta ƙi tashi, bai dace da aikin furojet na kullum ba.

Yadda za ka yi: sauke fayil ɗin ISO, wato fayil ɗin girkawa, daga shafin Mint na asali, ya kusa 3GB, ka yi da datar dare. Kafin ka zuba shi a filashi ka tabbatar bai lalace a hanya ba. A Windows buɗe cmd ka rubuta

certutil -hashfile sunan-fayil.iso SHA256

ka gwama abin da ya fito da wanda ke cikin sha256sum.txt a shafinsu. In ko harafi ɗaya ya bambanta, girkawar za ta iya tsayawa a tsakiya da kuskuren da ba za ka gane kansa ba. Nemi filashi mai 8GB. Rufus, manhajar da ke zuba ISO a filashi, na yanzu ba ya tashi a Windows 7, na ƙarshe da ke yi shi ne 3.22. A cikinsa zaɓi MBR, domin E6400 tsohon BIOS (manhajar da ke tayar da kwamfuta) gare ta. Ko ka yi amfani da Ventoy, wanda sau ɗaya ake girka shi a filashi, daga nan ka dinga kwafa ISO ciki kamar kowane fayil. Ribarsa ita ce in wani abokinka yana da antiX sai ka kwafa ka gwada duka biyun ba tare da ka taɓa datarka ba.

Kunna kwamfuta ka danna F2, ka nemi SATA Operation, in yana kan IRRT ka mayar AHCI. Ka sani Windows ɗinka zai iya ƙin tashi bayan wannan canjin, don haka ka kwashe takardunka da hotuna tukuna. Sake kunnawa, danna F12, zaɓi filashi. Kada ka yi gaggawar danna girkawa. Zauna a cikin gwajin ka duba Wi-Fi, sauti, hasken allo, da ramukan USB, sannan ka dawo ka gaya mana.

Mai Gyara Argungu ya amsa:

Abin da Injiniya ya faɗa daidai ne, amma Malam kafin ka sayi komai duba lafiyar na'urar kanta. Kwamfuta da yawa da ake kawowa da kukan nawa ba manhaja ce matsalarsu ba.

Fara da caja. Dell tana da wata siririyar allura a tsakiyar bakin caja, ta nan kwamfutar ke gane ƙarfin cajar. In allurar ta karye, ko cajar ta bogi ce, za ka ga saƙo wajen kunnawa cewa ba a gane cajar ba. Daga nan BIOS yakan rage gudun furosesa kuma ya ƙi cajin batir. Ko wane Linux ka ɗora haka za ta yi ta rarrafe. Shiga F2 ka duba wurin bayanin batir, ya kamata ya nuna 65W ko 90W. In bai nuna ba, canza caja, mai 19.5V. Wani lokaci batirin da ake cewa ya mutu ma lafiyarsa lau, caja ce ba ta ba shi wuta.

Sai zafi. Mun san yadda Birnin Kebbi take daga Maris zuwa Mayu, ga ƙurar hunturu da ta riga ta shige ciki. Murfin ƙasan E6400 ƙusa ɗaya ke riƙe da shi, ka kwance ka zame shi. Cire caja da batir tukuna. Tsakanin fanka da haƙoran ƙarfen da iska ke fita za ka tarar ƙura ta dunƙule kamar auduga, daga waje ba a ganinta, sai an ɗaga fankar. Cire ta da buroshin haƙori busasshe. In za ka hura iska riƙe fankar da yatsa kada ta yi ta juyawa. Man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ya bushe tuntuni, goge shi da sifirit ka ɗiga sabo kaɗan a tsakiya, kada ka cika. Bayan ka ɗora Linux rubuta sensors a Terminal (tagar rubuta umarni) ka ga zafinta. Iyakar wannan furosesa digiri 105 ne, amma in ka ga tana haura 90 kana burauza kawai, aikin bai yi ba. Kuma a daina ɗora ta kan katifa ko darduma.

Ƙaramin batirin agogo, CR2032 mai waya, shi ma duba. In kwanan wata yana komawa baya duk lokacin da aka cire wuta, shafukan intanet za su ƙi buɗewa da ƙorafin takardar tsaro, apt, mai ɗora manhajoji a Linux, kuma ya ce fayil ɗin Release bai fara aiki ba tukuna. Ka ga kamar intanet ce ta lalace, alhali agogo ne.

In tsohon faifan za ka bari, a cikin gwajin Mint buɗe Disks, ka shiga SMART Data. Duba layin Reallocated Sector Count da Current Pending Sector. In na biyun ba sifili ba ne, kada ka ɗora furojet ɗinka a kansa. Sabuwar RAM kuma ka gwada ta da Memtest86+ ya zagaya aƙalla sau ɗaya, tun kafin mai shago ya ce kwanakin mayarwa sun wuce.

Tunda batir ba ya riƙewa, kada ka yi girkawa da wutar da ba ka amince da ita ba. Je inda ake da inbata ko sola. In wuta ta ɗauke ana girkawa, sake daga farko ne kawai. In kuma ana cikin sabuntawa ta ɗauke, da ka tashi rubuta

sudo dpkg --configure -a

sannan

sudo apt -f install

yawanci suna ɗinke abin da ya tsaya rabi.

Ɗan Kalgo ya sake rubutawa:

Na gode Injiniya, na gode Malam. Caja ta nuna 90W, RAM sanda ɗaya ce 2GB. Mint ya tashi daga filashi, sauti da allo lafiya, amma Wi-Fi babu ko alamarsa. Me zan yi? Kuma malaminmu Word yake karɓa, ina tsoron takarda ta wargaje.

Injiniya_Jega ya amsa:

Fara da mai sauƙi. Akwai ɗan makunni na Wi-Fi a gefen dama, tabbatar yana kunne. Rubuta rfkill list a Terminal, in ka ga Hard blocked: yes, makunnin ne. In ba shi ba, rubuta

lspci -nn | grep -i net

E6400 na zuwa da katin Intel ko na Broadcom. Na Intel yana aiki da kansa, don haka ina kyautata zaton naka Broadcom ne, lambarsa za ta fara da 14e4. In 14e4:4315 ce, BCM4312 ke nan. Direbansa, b43, yana cikin Linux, abin da babu shi ne ɗan fayil ɗin da ake lodawa cikin katin, wanda lasisinsa bai ba da damar a saka shi cikin ISO ba.

Za ka ce ta yaya zan sauke ba intanet. Haɗa wayarka ta Android da kebul, shiga saitin hotspot ka kunna USB tethering, Linux zai gan ta nan take ba sai da direba ba. Sai

sudo apt update
sudo apt install firmware-b43-installer

In ka riga ka girka Mint a faifai, sake kunna kwamfuta. In kana cikin gwaji ne kada ka sake kunnawa, komai zai goge. Rubuta sudo modprobe -r b43 sannan sudo modprobe b43.

Driver Manager zai iya nuna maka wani direban na Broadcom, wanda ake kira sta ko wl. Ɗaya za ka zaɓa. In ka ɗora shi yakan toshe b43, sai ka rasa gane wanne ke aiki. In ka ga ya shige ka cire shi da sudo apt purge broadcom-sta-dkms bcmwl-kernel-source.

Abu ɗaya da ke ruɗa mutane: wannan katin 2.4GHz kawai yake gani. In hotspot ɗin wayarka yana kan 5GHz, za ka ga na maƙwabta amma ba za ka ga naka ba. Canza shi a saitin waya. In ya ci gaba da yankewa, katin Intel 5100 na hannu yana shiga ramin, kuma Dell ba ta hana baƙon kati kamar yadda tsofaffin HP da Lenovo ke yi.

'Yar Yauri ta amsa:

Ɗan'uwa, tsoronka kan Word yana da tushe, amma ana maganinsa. LibreOffice Writer yana zuwa tare da Mint. Abin da ke wargaza takarda yawanci salon haruffa ne. In takarda ta nemi Times New Roman ko Calibri kuma babu su, sai a musanya da wani mai faɗi daban, layuka su goce, shafi 40 ya koma 43, jadawalin abin da ke ciki ya daina daidai. Ɗora waɗannan:

sudo apt install ttf-mscorefonts-installer fonts-crosextra-carlito fonts-crosextra-caladea

Na farkon zai kawo Times New Roman da Arial na ainihi. Zai tsaya a wani shuɗin allo na yarjejeniya, a nan linzami ba ya aiki, danna Tab sannan Enter. Carlito faɗinsa ɗaya da Calibri, Caladea kuma da Cambria.

A Writer shiga Tools, Options, Load/Save, General, ka sa ya dinga ajiyewa a docx kai tsaye. A wurin kuma ka rage lokacin ajiyar ceto zuwa minti 3, saboda matsalar wutarka. Kada ka daidaita kan magana da danna sarari ko Enter da yawa, yi amfani da Heading 1 da Heading 2 da Page Break, su ne ke tsira in takarda ta koma Word. Ranar bugawa kuma ka fitar da PDF ka kai shagon buga takardu, shi ba ya motsi ko a wace kwamfuta aka buɗe.

In kana rubutu da Hausa, a Writer rubuta 0199 ka danna Alt da X tare, zai zama ƙ. Na ɗ 0257 ne, na ɓ 0253, manyansu 0198 da 018A da 0181. Wanda zai yi dogon rubutu ya sa su a AutoCorrect, misali k da alamar tauraro su koma ƙ.

Firinta: yawancin na HP suna aiki da an jona, amma LaserJet 1018 da 1020 da P1005 sai an sauke musu ƙarin fayil da hp-plugin, in ba haka ba za su karɓi aiki su yi shiru.

Ka kuma tambayi sashenku tun yanzu ko akwai manhajar da dole sai ita. CorelDRAW da AutoCAD ba su da na Linux. In lissafin bayanan bincike ne irin na SPSS, PSPP yana buɗe fayilolin sav kuma yana yin gwaje-gwajen da aka saba.

Kan antiX kuwa, Injiniya a gafarce ni, ba zan ba ɗalibin da bai taɓa ganin Linux ba. Haɗa Wi-Fi da buɗe filashi da shirya allo duk suna da nasu salo a can, kuma in ya maƙale, yawancin bayanan da zai samu a intanet na Ubuntu ne masu umarnin systemctl, antiX kuwa ba ya amfani da systemd, tsarin da wannan umarnin ke aiki da shi. Tunda sanda ɗaya ce a ciki, 2GB guda kawai ya rage masa. Ya saya ya zauna kan Mint.

Bagudo_Linux ya amsa:

Hajiya ta yi gaskiya kan wuyar sabo, sai dai antiX yana da Control Centre da ya tara yawancin saituna wuri ɗaya, kuma ga mai 1GB ko mai 32-bit kusan shi ne ya rage. Amma Ɗan Kalgo tunda Mint ya riga ya tashi a taka, ga yadda za ka lallaɓa da 2GB kafin ka samu ƙarin.

Kunna zram. Yana ware wani yanki na RAM ya dinga matse abin da ba a amfani da shi a ciki, maimakon ya tura shi faifai.

sudo apt install zram-tools

Buɗe /etc/default/zramswap ka sa ALGO=lz4 da PERCENT=50. Na zaɓi lz4 ne don ya fi zstd sauƙi a kan tsohuwar furosesa, ko da yake bai kai shi matsewa ba. Sake kunnawa ka rubuta swapon --show, ya kamata ka ga zram0 da fifiko sama da na faifai.

A Firefox ɗora uBlock Origin, zai rage maka RAM da data duka, domin tallace-tallace ne ke cin kaso babba a shafuka da yawa. Kada ka wuce shafi uku ko huɗu a buɗe, kuma ka rufe WhatsApp in kana rubutu, yana cikin masu nauyi.

YouTube yana turo bidiyo a tsarin VP9 ko AV1, katin hoton da ke cikin E6400 kuwa ya girme su, don haka furosesa ce ke ɗaukar nauyin duka, fanka ta yi ta kuka hoto yana tsinkewa. Ɗora enhanced-h264ify a Firefox ka toshe VP9 da AV1 da 60fps, ka tsaya a 480p. Darasin da za ka maimaita kallo gara ka sauke shi sau ɗaya ka buɗe da Celluloid ko VLC, sun fi burauza sauƙi sosai.

Sabuntawar farko bayan girkawa takan ci ɗaruruwan MB, ita ma ka bar ta sai dare. Timeshift, mai ajiye kwafin tsarin aiki don a iya komawa baya in ya lalace, zai nemi ka kunna shi. Yana da amfani, amma a faifai mai 128GB ka bar kwafi biyu kawai, na mako-mako, in ba haka ba zai cika maka wuri. Kuma ka sani tsarin aiki yake adanawa, ba takardunka ba. Furojet ɗinka ka dinga kwafa shi a filashi ko ka tura wa kanka ta imel duk ranar da ka ƙara babi.

In za ka saya ɗaya bayan ɗaya, fara da RAM, sannan SSD. Ranar da SSD ya zo sake girka Mint a kansa daga filashin nan, don haka kada ka goge shi. Tsohon faifan ka sa shi a akwatin USB ka kwashe fayilolinka daga ciki.